Neman shawara: yaya zan koyi Faransanci ba tare da na gaji a hanya ba?

Ma'aikaci daga Kubwa, Abuja:

Assalamu alaikum, 'yan uwa. Ina aiki a wata ma'aikatar tarayya, kuma sashenmu yana yawan karɓar baƙi da takardu daga Nijar da Kamaru da Chadi da Benin, ƙasashen da ake aiki da Faransanci a ofisoshinsu. Na sauke manhajar koyon harsuna ta Duolingo, na fara da zafi, amma da aiki ya yi yawa sai gwiwata ta yi sanyi. Shekaruna sun haura arba'in. Ina roƙon waɗanda suka san hanya su faɗa mini abin da ke amfani a aikace, musamman yadda mutum zai ɗore.

Malamar Faransanci, Jos:

Wa alaikumus salam, Malam. Ka cire batun shekaru daga ranka, domin babba yana da abin da yaro ba shi da shi, wato ya san dalilin da ya sa yake koyo. Abin da na lura yana kashe ƙwazon ɗalibaina shi ne koyo ba tare da ranar da za a tambaye su abin da suka sani ba. Saboda haka shawarata ta farko ita ce ka yi rajistar jarrabawar DELF ta gwada ƙwarewa a Faransanci, wadda Ma'aikatar Ilimi ta Faransa ke bayar da takardar shaidarta, kuma takardar ba ta da wa'adin ƙarewa. Matakanta huɗu ne, A1 da A2 da B1 da B2, ana gwada sauraro da karatu da rubutu da magana, kowanne maki 25, ana cin jarrabawar da maki 50 cikin 100 muddin ba ka samu ƙasa da 5 a wani ɓangare ba. Ka je cibiyar al'adu da koyar da Faransanci ta Institut Français da ke nan Abuja ka tambayi lokutan azuzuwa da na jarrabawa. Mu a Jos muna da makamanciyarta, wato Alliance Française. Da zarar ka biya kuɗinka kuma ka san ranar, za ka ga yadda kasala take raguwa.

Na biyu, kada ka jira ƙarshen mako ka zauna awa uku. Minti 20 kullum bayan sallar Asuba ya fi amfani nesa ba kusa ba, kuma duk wanda ya yi makarantar allo ya san cewa hadda ba ta zama sai da tilawa. Ka maimaita darasin jiya kafin ka buɗe na yau. Wani abin da zai ƙarfafa maka gwiwa kuma, Bahaushe ya saba raba sunaye zuwa namiji da mace, don haka tsarin ba baƙo ba ne a wurinka, sai dai ka haddace kowace kalma tare da jinsinta tun ranar farko, tunda ba lallai ya dace da na Hausa ba. Wahalar gaske tana wurin furuci, saboda ana rubuta haruffa da yawa a ƙarshen kalma amma ba a furta su, shi ya sa karatu shi kaɗai ba zai wadatar ba.

Ɗan kasuwa, Wuse:

Hajiya Malama ta yi bayani mai gamsarwa, amma ina ganin jarrabawa ba ta buɗe bakin mutum. Ni a wurin abokan cinikina na Maraɗi da Yamai na koya, kuma sharaɗin da muka yi shi ne gaisuwa da ƙirga kuɗi duk da Faransanci za mu yi, ko da za a yi mini dariya. Malam, a garin da hedkwatar ECOWAS take ba za ka rasa mai jin harshen ba. Ka nemi mutum ɗaya ku tsayar da rana a kowane mako, domin kunyar saɓa masa alkawari za ta riƙe ka a ranar da sha'awar ta gudu.

Ɗalibar jami'a, Jos:

Baba, ina so in ƙara da batun sauraro. Gidan rediyon RFI yana da shirin labarai na minti 10 cikin sauƙaƙan Faransanci mai suna Journal en français facile, kuma ana sa rubutaccen shirin a intanet. Ka fara jin labaran ranar a sashen Hausa na RFI, sannan ka saurari na Faransanci a cikin cunkoson motoci na hanyar Kubwa, saboda idan ka riga ka san labarin, kunnenka zai fi saurin kama kalmomin. Ba za ka gane komai ba a watannin farko, kuma hakan ba alamar gazawa ba ce.

Ma'aikaci daga Kubwa, Abuja:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Hajiya Malama, shin in fara da A1 ne ko in tsallaka zuwa A2?

Malamar Faransanci, Jos:

Ba dole ba ne a bi matakan a jere, ana iya yin rajistar wanda aka ga dama. Ka nemi su yi maka gwajin tantance mataki tukuna, idan ya nuna kana tsakanin biyun, to ka ɗauki A1.