Me za mu kira "migration" na manhaja da Hausa? Ina da horo ranar Asabar

Ɗan Jekadafari: Assalamu alaikum jama'a. A agaza mini da gaggawa. Ranar Asabar zan horar da yaran da ke kula da shafukan rajistar ɗalibai na wasu makarantu a nan Gombe, kuma an ce takardar da za a raba musu ta zama da Hausa. Mai buga takardu yana jirana jibi Alhamis. Manhajojin nasu da harshen kwamfuta na Java aka rubuta, suna kan Tomcat 8.5 (manhajar da ke gudanar da su a kan server), wanda masu shi, gidauniyar Apache, suka daina kula da shi tun 31 ga Maris 2024. Za mu mai da su kan Tomcat 10.1. Wannan aikin ne Turawa ke ce wa migration. Na riga na ɗauki "uwar garke" a matsayin server, wato kwamfutar da shafukan ke zaune a kanta, don Allah kada a tayar mini da wannan. Migration kawai nake nema.

Hajiya 'yar Azare: Wa alaikumus salam. Ƙaura mana, Malam. Ƙaurar da manhaja zuwa sabuwar uwar garke. Aikatau ɗin ma yana juyuwa ba wahala: an ƙaurar da ita, za a ƙaurar, ana kan ƙaurarwa. Me ya rage?

Auta: Sauya sheƙa 😂

Hajiya 'yar Azare: Auta ka bari. Ka sa wannan a takarda a ɗauka taron siyasa aka kira.

Bakumo: Hijira fa?

Ɗan Jekadafari: A'a ɗan'uwa. Kalma ce mai nauyi a addini, sannan a garin nan in ka ce hijira hankalin mutum kan 'yan'uwanmu da suka taso daga Borno da Yobe zai tafi. Ba zan ɗora ta kan kwamfuta ba.

Injiniya na Yelwa: Hajiya, ƙaura ta yi in daga 8.5 zuwa 9 ne. A nan galibi ka ɗauki fayil ɗin WAR, wato ƙunshin manhajar, ka ajiye a babban fayil ɗin webapps na sabon, ka sake duba fayil ɗin saituna server.xml, manhaja ta tashi. Amma tsallakawa zuwa 10 wani abu ne daban, kuma shi ne dalilin da Malam yake ta goge-goge ko bai faɗa ba. A 2017 kamfanin Oracle ya miƙa Java EE, ɓangaren Java na manhajojin uwar garke, ga gidauniyar Eclipse, amma ya riƙe haƙƙin sunan Java. Sai aka raɗa wa abin Jakarta EE, kuma da fitowar Jakarta EE 9 a 2020 duk sunayen da ke farawa da javax na wannan ɓangaren suka koma jakarta. Wato javax.servlet ya zama jakarta.servlet. Tomcat 9 tsohon sunan ya sani, Tomcat 10 sabon kaɗai. Ka ɗora masa tsohuwar manhaja yadda take, ko ta ƙi tashi, ko ka buɗe shafi ka ci karo da 404, wato ba a samu shafin ba. To mai ƙaura ba ya canja sunansa don ya koma wata unguwa. A nan sai an taɓa cikin manhajar kanta. Kalmar da za a ba yaran nan ya kamata ta nuna musu cewa akwai aiki, ba ɗauka a sauke ba ne.

Malam Mai Ƙamus: Alhamdu lillahi, Injiniya ya share mini hanya. Kalmar tana nan tun kaka da kakanni: DASHE. Dashen manhaja. Ku je Dadin Kowa ku ga masu noman rani. Ana cire iri daga inda aka rene shi, a kai shi sabuwar ƙasa, mai dashen albasa har datse mata ganye yake yi kafin ya sa ta, sannan a yi ta ban ruwa ana jira a ga ko ta kama. Wani ya kama, wani ya bushe. Likitoci ma da suka zo neman kalma ita suka ɗauka, dashen ƙoda, kuma jiki yakan ƙi karɓa kamar yadda Tomcat ɗin naku ke ƙi. A dasa, an dasa, ya kama, bai kama ba. Ku nuna mini inda ƙaura ta ba ku "ya kama".

Bakumo: Wallahi Malam ta yi daɗi a kunne.

Hajiya 'yar Azare: Allah ya gafarta Malam, ta yi daɗi, amma in na ga "dashen manhaja" a kan takarda, zan ɗauka sabuwar manhaja ake sakawa a kwamfuta. Babu abin da ya gaya mini tana da tsohon wuri.

Malam Mai Ƙamus: Hajiya, wannan shuka ce kike faɗa. Shuka daban, dashe daban. Ba a dasa abin da bai riga ya tsiro a wani wuri ba. Wannan ai yaron firamare a ƙauye ya sani. Matsalar ita ce kun tashi a birni kuna tunani da Turanci, sai ku nemo kalmar da ke gaban migration a ƙamus ku ce kun fassara.

Injiniya na Yelwa: Ranka ya daɗe, ni inda dashe ya ba ni matsala shi ne wanda ya cire iri ya cire ke nan. Mu kuwa ba ma taɓa tsohuwar uwar garke. Tana nan tana aiki, a kafa sabuwar a gefe, a gwada rajista, a gwada biyan kuɗi, a gwada buga sakamako, sai komai ya tabbata a karkatar da mutane. In yaro ya fahimci "cirewa" ya je ya kashe tsohuwar a makon rajista, wa zai tsaya gaban shugaban makaranta? Ni da za a bi tawa, dashe ya fi dacewa da deployment, wato lokacin da ka ajiye WAR a webapps kana kallon log, wato rahoton da Tomcat ke rubutawa, ko ta tashi.

Malam Mai Ƙamus: Ita ƙaurar fa? Mai ƙaura yana barin kansa a tsohon gida ne? Ciwon da ka gani a tawa yana jikin tasu.

Injiniya na Yelwa: Wannan gaskiya ne.

Ɗan Tumfure: Ku yi haƙuri manya, ni ina cikin irin yaran da za a horar. A ce maigireshin kawai a huta. Ran da abu ya lalace da tsakar dare, saƙon kuskuren da Turanci zai fito, Google za mu shiga da Turanci, takardun Apache da Turanci suke. In na je neman aiki Abuja aka tambaye ni me na iya, in ce na iya dashe? Kwamfuta da intanet ai ba mu fassara su ba kuma ba mu mutu ba.

Malam Mai Ƙamus: Ka ji irinta ko. Yaro, na'ura mai ƙwaƙwalwa da yanar gizo wa ya ƙirƙiro su, aljanu? Kunyar harshenku kuke ji, shi ke nan. Kuma tunda an zo nan, ita "uwar garke" ɗin ma ban yarda da ita ba. Garken me? Shanu ne a cikin na'urar?

Ɗan Jekadafari: Malam, na roƙa tun farko.

Bakumo: Malam a bar mana garkenmu, mu Fulanin Kumo ita kaɗai ce kalmar kwamfuta da muke jin tamu ce 😄

Hajiya 'yar Azare: Ni dai shawarata kada mu yi gaban kanmu. A duba ko masana a Jami'ar Bayero sun riga sun tsayar da wata kalma, kada takardar Gombe ta ce dashe, ta Kano ta ce wani abu, yara su rikice.

Malam Mai Ƙamus: Sai Kano ta yi atishawa sannan mu ce alhamdu lillahi? Hajiya, ke da kika fito daga ƙasar Guddiri mai karin harshenta, ke ce za ki ce mu jira izini? Daidaitacciyar Hausa ta rubutu ce, na yarda, na koyar da ita shekara da shekaru. Amma ba a ce kalma sai ta biyo ta Ƙofar Nasarawa kafin ta halatta ba.

Hajiya 'yar Azare: Ban ce izini ba Malam, daidaito na ce. Kuma dashe ai ba Guddiranci ba ne, Bakano ma dashe yake cewa, to ina abin faɗa?

Auta: Malam Ɗan Jekadafari na can yana kallon agogo.

Injiniya na Yelwa: Bari in dawo da mu, don akwai abin da ya fi kalmar muhimmanci a takardar nan. Malam Ɗan Jekadafari, ka ja musu kunne kada su buɗe manhaja su ce duk inda aka ga javax a mai da shi jakarta. Akwai irin su javax.sql da javax.naming da javax.crypto, waɗannan na Java ɗin kanta ne, ba su canja ba, ka taɓa su haɗin rumbun bayanai ya mutu. Apache na da kayan aikin da ke yin juyin, har ma Tomcat 10 na da babban fayil mai suna webapps-javaee, in ka ajiye tsohuwar WAR a ciki shi zai juya ta ya zuba a webapps. Yana fitar da mutum kunya, amma gyara a asalin rubutun manhajar ya fi kwanciyar hankali. Sannan a duba Java: 10.1 ba ya tashi da ƙasa da Java 11, in kuma manhajar da Spring, wani kayan gina manhajojin Java, aka gina ta, Spring 6 ne ke jin jakarta, shi kuma Java 17 yake nema. Wanda bai shirya wannan ba gara ya tsaya a Tomcat 9 tukuna, har yanzu ana kula da shi. Ka ga aiki uku ne a cikin kalma ɗaya: a juya sunaye, a ɗora, a gwada.

Ɗan Jekadafari: Madalla Injiniya, wannan ya shiga takarda. Ga abin da zan kai wa mai bugawa. Kan takarda: "Ƙaurar da manhaja daga Tomcat 8.5 zuwa 10.1". A layin farko zan faɗi cewa Turawa migration suke cewa, saboda ƙanina na Tumfure ya samu abin bugawa a Google. Matakin javax zuwa jakarta zan kira shi juyin sunaye. Matakin ɗorawa a webapps shi ne dashe, kuma zan ari "ya kama" da "bai kama ba" na Malam, don ban da abin da ya fi su.

Ɗan Tumfure: Ba laifi Yaya. Amma a aji maigireshin za mu ce, ka sani.

Hajiya 'yar Azare: Ya yi. Sai dai ka rubuta ƙ mai lanƙwasa, kada mai bugawa ya mai da ita "kaura" a ɗauka dawa ake nufi.

Malam Mai Ƙamus: Wato an ba ƙaura zaure, an tura dashe bayan gida. To. Takardarka ce, ka rubuta abin da ka ga dama. Ni dai ban sa hannu a kan wancan kan takardar ba, kuma maganar uwar garke ba ta mutu ba, zan buɗe mata nata zaren bayan la'asar.