Da wane mudu ake auna bincikenmu na aikin jin daɗin jama'a?

Malamar Walwala: Assalamu alaikum. Lokacin ƙarin girma ya zo a sashenmu, tambayoyin kwamiti kuma suna nan yadda suke: maƙala nawa, wace mujalla, tana cikin Scopus (kundin jerin mujallun bincike na duniya), mutum nawa suka ambace ta. Aikin da na fi shan wahalarsa, kan matan da aka saka aka bar su da yara ba ciyarwa, a mujallar gida ya fito, makinsa kaɗan. Yaya abin yake a wajenku?

Mai Ɗakin Karatu: Wa alaikumus salam, Hajiya. Ni nake fitar wa malamai waɗannan alƙaluma, kuma suna damuna. Ma'aunin tasirin mujalla yana ƙirga ambaton da aka yi wa maƙalun shekara 2 da suka gabata ne kawai, alhali a fanninku ambato a hankali yake zuwa. Shi kuwa h-index, ma'aunin da ke haɗa yawan maƙalun mutum da yawan ambatonsu, masanin kimiyyar fiziks Jorge Hirsch ne ya fito da shi a 2005. Sanarwar DORA ta 2012 kan yadda za a auna bincike ma ta ce kada a auna maƙala da darajar mujallar da ta buga ta. Mujallunmu da yawa suna AJOL, kundin mujallun Afirka na intanet, ba sa Scopus.

Jami'in Ƙaramar Hukuma: Malamai, mu da muke ofishin jin daɗin jama'a ba ma karanta mujallunku, da dala ake buɗe yawancinsu. Wata mai bincike ta taɓa dawo mana da taƙaitaccen sakamakonta da Hausa. Daga nan muka ƙara tambaya a fom ɗinmu: wa yake ciyar da yaran yanzu? Da amsar muke zuwa gaban alƙali, kuma tana aiki. Ba mu rubuta maƙala, to ina za mu ambace ta? Sauran masu bincike kuwa su zo da takardun tambayoyi, mata su bar sana'arsu su zauna, shi ke nan ba a sake ganinsu.

Ɗaliba a Ingila: A nan, tsarin REF, da ake auna binciken jami'o'in Birtaniya da shi, ya ba tasiri a wajen jami'a kashi 20 cikin 100 a 2014, ya ɗaga zuwa 25 a 2021. Amma sai da shaida: wasiƙa, ko takardar hukuma da ta nuna abin da ya canza. Na taya malamata tattarawa, aiki ne ja.

Tsohon Mai Tantancewa: 'Yata, ina tare da ke, amma a yi hattara. Na ga fayil cike da maƙalun mujallun da ake biya su buga cikin mako, ba wanda ya duba. Idan aka jefar da ƙirga ba a kawo madadi ba, sanayya ce za ta shigo. Kuma don hukuma ta yi aiki da bincike, ba shi ne ingancinsa ba. Ni maƙala uku mafi kyau nake nema, in karanta: wa aka tambaya, an nemi yardarsu, hujjar ta kai girman maganar?

Malamar Walwala: Allah ya gafarta Malam, na yarda a karanta, abin da nake roƙo ke nan. Malam Jami'i, don Allah ku rubuta wa waccan baiwar Allah wasiƙa mai kwanan wata da hatimi, ku haɗa mata tsohon fom da sabon, ta sa a fayil ɗinta.