Maɓallin komawa baya: a tare mutum da tambaya ko a bar shi ya fita?

Malam Bashir: Ni dai a wurina, duk manhajar da ke tare mutum da "Ka tabbata za ka fita?" idan ya danna baya a tsakiyar fom, aikinta bai kammala ba. A ajiye abin da ya rubuta, a ƙyale shi ya tafi.

Hauwa: Malam, ban yarda ba. Tun Android 10 a 2019, jan yatsa daga gefen allo ya zama komawa baya. Mutum na shafi na uku, ya cika adireshi, ya ɗora hoto da ƙyar, babban yatsansa ya goga gefe, duk abin da ya cika a shafin ya tafi. Tambaya ɗaya ta isa ta cece shi.

Malam Bashir: To wanda ya fita duba lambar sirrin da aka turo masa ta saƙo fa? Wayarsa ƙarama ce, Android ta kashe manhajar a bayan fage don ta samu wuri, ya dawo ya tarar da fom fayau. Bai danna komai ba, balle a tambaye shi. SavedStateHandle, wato ma'ajiyar Android da ke riƙe abin da aka rubuta ko da an kashe manhaja a bayan fage, shi ne maganin wannan.

Auwal: Yaya Hauwa, Google ma ta taɓa batun. A Android 13 ta daina ba da shawarar onBackPressed, tsohuwar hanyar da manhaja ke tare danna baya, saboda waya na son sanin inda za a koma tun yatsa bai bar allo ba. Sai dai ka kunna OnBackPressedCallback, hanyar da ake bi maimakon ta, idan an taɓa fom, ka kashe shi idan ba a taɓa ba. A Flutter ma, kayan aikin gina manhaja na Google, sabuwar hanyar tare fita mai suna PopScope ta gaji tsohuwar WillPopScope kan wannan dalilin.

Hauwa: Ai ka ba ni gaskiya, Auwal, ba a hana tambayar ba, an dai ce a yi ta inda akwai asara. Apple ma tun iOS 13 ta ba da wani saiti mai suna isModalInPresentation don kada a ja fom ƙasa ya rufe. Kuma lambar katin banki, Malam, ita ma ajiye ta za ka yi?

Malam Bashir: Wannan kam a'a. A goge ta, sauran a ajiye.

Hauwa: To maɓallin X fa? Baya na mayar da mutum shafi na biyu ne, X kuwa na rufe fom ɗin baki ɗaya. A nan ba zan cire tambayar ba.