Sisin gwal uku na gado: a narkar, a sayar, ko a ci gaba da tarawa?

Ɗan Wunti, Bauchi

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka san harkar tsofaffin kuɗin zinariya. Bayan rasuwar mahaifiyarmu, Allah ya jiƙanta, kasona na gado ya haɗa da sisin gwal uku da ta daɗe tana ajiye da su ƙulle cikin ƙyalle a ƙasan adaka, ita ma daga hannun mahaifiyarta ta same su. Na farko yana ɗauke da kan wata dattijuwa mai lulluɓi da shekarar 1899, na biyu wani mai sanƙo da gemu ne da shekarar 1902, na uku kuma mai gemu ne shi ma, an rubuta 1918. A bayan kowanne akwai mahayin doki da takobi yana tattake wata dabba. Wani mai shagon gwal ya ce zai saya a kan farashin giram, ba ruwansa da shekara, ƙanwata kuma tana so a narkar da ɗaya a yi mata 'yan kunne. Ni zuciyata ta fi karkata ga in ajiye su, har ma in riƙa ƙarawa. Shin tsufansu yana ƙara musu daraja, kuma su wane ne waɗannan mutanen?

Tsohon Malamin Tarihi, Gombe

Wa alaikumus salam. Allah ya gafarta wa Hajiya, ya ba ku haƙurin rashi. Ɗana, kada ka bari wuta ta taɓa ko ɗaya tukuna. Abin da ke hannunka shi ne fam ɗin zinariya na Ingila, wanda Turawa ke kira sobarin. An fara buga mai wannan suna a 1489 zamanin Sarki Henri na Bakwai, amma irin naka ya samo asali ne daga 1817, a mulkin Joj na Uku, lokacin da wani ɗan Italiya mai suna Benedetto Pistrucci ya zana mahayin nan, wato Sen Joj da mutanen Ingila suka ɗauka waliyyin ƙasarsu, yana kashe dodo.

Dattijuwar ita ce Sarauniya Biktoriya, wadda ta yi mulki daga 1837 zuwa 1901. Saboda tsawon zamaninta, fuska uku gare ta a kan wannan kuɗi: ta ƙuruciya, sai ta bikin cika shekara hamsin a kan gado da aka fara a 1887, sai ta tsufa mai lulluɓi daga 1893. A wannan ta ƙarshe ne aka ƙara haruffan IND IMP, masu nuna cewa ita ce mai sarautar Indiya. Mai sanƙon ɗanta ne, Edwad na Bakwai, kuma shekarar da ke jikinsa ta isa ta sa kowane mutumin Bauchi ya tsaya, domin a 1902 ne sojojin Turawa suka shiga garinku, shekara guda kafin yaƙin Burmi a nan ƙasarmu, inda Sarkin Musulmi Attahiru ya yi shahada. Na uku jikanta ne, Joj na Biyar.

Ka jera su ka duba: Biktoriya tana kallon hagu, Edwad dama, Joj hagu. Al'adarsu ce kowane sabon sarki ya juya wa wanda ya gada baya. Edwad na Takwas, ɗan Joj na Biyar, shi ne ya ƙi, ya nace sai an nuna ɓangarensa na hagu kamar mahaifinsa, sai ga shi ya yi murabus a Disamba 1936 kafin kuɗin su fita. Ɗaya daga cikin 'yan gwajin da aka buga masa da shekarar 1937 an sayar da shi fam miliyan ɗaya a 2020.

Yanzu ka samo madubin ƙara girma ka duba ƙasar da dokin yake takawa, dab da saman shekara. In babu harafi, bugun Landan ne. S na nufin Sidni, M Melbon, P kuma Perth, duka a Ostareliya. C Otawa ce a Kanada, I Bombai ce wadda ta buga a 1918 kaɗai, SA kuma Pretoriya ta Afirka ta Kudu, inda aka ci gaba da bugawa har 1932. Shekara da harafi tare su ne ke raba na kowa da wanda ake nema ruwa a jallo.

Maƙerin Gwal, Bauchi

Malam ya gama da tarihi, Allah ya ƙara masa lafiya, amma zan ɗan rage wa mai tambaya zumuɗi. An buga waɗannan sisin miliyoyi a kan miliyoyi, saboda haka yawancinsu darajarsu ita ce ta zinariyar da ke jiki da ɗan abin da ba a rasa ba, kuma mai shagon nan bai zalunce ka ba da ya ambaci giram. Ƙalilan ne suka fita daban, kamar na 1819, ko bugun Landan na 1917, ko na Sidni na 1920.

Abin da ya fi damuna shi ne sahihanci. Na gaske nauyinsa giram 7.98 ne, faɗinsa milimita 22, karat 22, wato akwai tsantsar zinariya kimanin giram 7.32 a ciki. Wanda ya sha hannu yakan ragu kaɗan, amma in ya cika faɗi ya kasa nauyi, ko ya cika nauyi ya yi kauri fiye da kima, to akwai magana. Sisin da alhazanmu ke sayowa a Makka da Jidda da yawansu kwaikwayo ne na maƙeran can, zinariya ce ta gaske amma karat 21, kuma kan Joj na Biyar suka fi sakawa. Masu gaskiyarsu sukan buga lambar 21 a jiki. Wannan kwaikwayo ya daɗe, har yana cikin dalilan da suka sa Ingila ta koma buga sobarin da yawa a 1957 da kan Sarauniya Elizabet. Shekara ma ba kullum take faɗin gaskiya ba, domin Landan da kanta ta sake buga mai 1925 tsakanin 1949 da 1951 ba tare da ta canza lambar ba.

Kada ka yarda a goga shi a dutse ko a ɗiga masa ruwan gwaji. Sikeli mai kyau da ma'aunin faɗi sun wadatar.

Inna Hajiya, Jekadafari

Ɗana, ni nawa biyu ne na sadaki, kuma na yi kuskuren da ba na so ka maimaita. Na kai aka wanke su suka yi ƙyalli, aka kuma liƙa wa ɗaya marataya don in sa a sarƙa, daga baya wani masani ya gaya mini cewa masu tarawa ba sa son wanda aka goge ko aka taɓa da wuta. Ka naɗe kowanne daban don kada su riƙa gogar juna. In kuma tarin ya yi yawa ka tuna da zakka, domin nisabin zinariya dinari ashirin ne, kimanin giram 85, wato wajen sisi goma sha biyu ke nan. Ka tuntuɓi malaminku a kan lissafin.

Ɗan Wunti, Bauchi

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na auna su jiya. Na 1902 ba shi da harafi, nauyinsa ya cika. Na 1918 kuwa, kamar yadda Maƙeri ya yi hasashe, akwai 'yar lambar 21 a jikinsa, kuma yayarmu ta tuna cewa tsarabar aikin Hajji ce, don haka shi zan ba ƙanwata ta yi 'yan kunnenta. A kan na Biktoriya na ga ƙaramin P a ƙarƙashin kofaton dokin.

Tsohon Malamin Tarihi, Gombe

To, wannan shi za ka fi riƙewa da kyau. A 1899 aka buɗe gidan buga kuɗi na Perth domin sarrafa zinariyar da aka gano a yammacin Ostareliya, saboda haka naka na shekarar farko ne, kuma masu tarawa sun fi nemansa a kan na shekarun da suka biyo baya. Harafin ƙarami ne har ana iya rikita P da M, don haka ka ɗauki hotonsa da rana, gaba da baya, ka saka mana a nan mu duba tare da Maƙeri kafin ka nuna wa kowane mai saye.