Turancin da Hausa ke leƙowa ta cikinsa

Ɗaliba: Assalamu alaikum malamai. Mutum ya san nahawu, amma in ya haɗa jimlar Turanci sai a ji Hausa ce ya juya. Ta ina ake fara gyara?

Malamin Turanci: Wa alaikumus salam, ƙanwata. Ki fara da kalmomin aikin da muke ɗora wa kaya da yawa: sha, ji, yi, ara. "Sha" guda ce a bakinmu, amma Turanci ya rarraba ta: ruwa "drink", magani "take medicine", taba "smoke". Haka "ji": sauti "hear", wari "smell", ciwo "feel", gane harshe "understand". Daga nan "I am hearing smell" ta samo asali, daidai kuwa shi ne "I can smell something".

Mai gyaran rubutu: Haka ne Malam. "Ara" ta fi kayar da mutane. Mai bayarwa "lend" yake yi, mai karɓa "borrow". Don haka "ara mini biro" ita ce "lend me your pen", ko "can I borrow your pen?"

Malamar jarrabawa: Shawarata, ki daina haddace kalma ita kaɗai, ki haddace ta da abokiyar tafiyarta: "make a mistake", "do homework", "heavy rain", "get on the bus" amma "get in the car". Ki duba ƙamus na masu koyo, irin na Oxford ko Longman, ki tsallake ma'anar ki kwafi jimlolin misali. Biyar a rana sun isa, ki karanta su da ƙarfi.

Malamin Turanci: Sai "ina zuwa". In za ki fita ki dawo, Bature zai ɗauka "I am coming" na nufin kina tahowa wurinsa. Ki ce "I'll be right back".

Ɗaliba: To Malam, "next tomorrow" fa? Kowa na faɗa.

Mai gyaran rubutu: Turancin Najeriya ce, kuma ƙamus na Oxford ya shigar da ita a Janairun 2020, tare da "Kannywood". A hira tsakaninmu babu laifi. Amma a takardar WAEC ko wasiƙar neman aiki, "the day after tomorrow" za ki rubuta in jibi kike nufi.