Tumakina sun kumbura a ƙarƙashin haɓa, in sayar ko in yi magani?

Ɗan Fadama: Assalamu alaikum. Tumakina huɗu sun yi rani suna kiwo a fadamar Haɗeja. Yanzu biyu sun rame, ƙarƙashin haɓa ya tara ruwa, cikin idonsu fari fat. Ɗaya tana da ƙaramin ciki. An ce ciwon hanta ne. In kai su Maigatari ran Alhamis ko in yi magani?

Baba Mai Turke: Wa'alaikumussalam. Ɗura musu albendazole, babbar ƙwayar maganin tsutsar nan. Naira 300 ce.

Auwalun Kwanar Gari: Baba, 300 a ina? Mu nan 800 muke saya.

Hajiyar Kiwo: Hmm, kun taɓo min inda yake min ciwo. Bara da kuɗin adashe na sayi sa, na turke shi saboda auren 'yata. Da ya fara zawo na sayi magani wurin masu bazawa a ƙasa ran kasuwa, rana tana dukan kwalaben. Banza. Sai da muka yanka shi da daddare kar ya zama mushe. Da aka buɗe, hanyoyin hantar sun yi kauri sun yi fari, wuƙa har ƙara take, ga tsutsotsi masu faɗi suna motsi. Mahauci ko rabin kuɗina bai ba ni ba.

Ɗalibin Likitan Dabbobi: Allah ya mayar da alheri, Hajiya. Tsutsar tana girma ne cikin katantanwar bakin ruwa, ta fito ta manne a ciyawa. Amma kar a ba mai ƙaramin ciki albendazole, yana iya lahanta ɗan. Maganin ivermectin zalla kuma ba ya kashe tsutsar hanta. A fara kai kashinsu gwaji.

Baba Mai Turke: Yaro, tun ba a haife ka ba nake kiwo.

Auwalun Kwanar Gari: In yankawa za a yi a kira ni. Hantar na yafe, kai da ƙafa sun ishe ni.

Hajiyar Kiwo: Gwaji a ina, ɗana? Ɗakin shan maganin dabbobin garinmu kullum a kulle, awaki ne ke kwana a barandar.

Sale Direba: Namu ma haka. In ka kira malamin dabbobi sai ka fara biyan kuɗin man babur, da tsadar man nan, kafin ya ce maka yana wani ƙauye.