Da ECOWAS ta shiga Yamai da sojoji, da an mai da Bazoum?

Malamin Tarihi: Assalamu alaikum jama'a. Jiya a majalisa na faɗi wata magana aka yi mini ca, shi ne na kawo ta nan. Na ce kuskuren ECOWAS a Nijar shi ne ta zare takobi ta mai da shi kube. Ranar 26 ga Yulin 2023 sojoji suka yi juyin mulki suka tsare Shugaba Mohamed Bazoum, ranar 30 shugabanni suka zauna a Abuja suka ba sojoji wa'adin mako guda. Mako ya cika, shiru. Ranar 10 ga Agusta aka ce a shirya rundunar ko-ta-kwana, nan ma shiru. Janar Tchiani da ya karɓe mulki ya ce shekara 3 zai yi, ga shi a Maris na 2025 an rantsar da shi na shekara 5. A Gambiya kuwa, sai da sojoji suka tsallako daga Senegal a Janairun 2017 sannan Shugaba Jammeh, da ya faɗi zaɓe ya ƙi sauka, ya hau jirgi.

Ɗan Illela: Wa'alaikumus salam. Malam, albasa nake lodi. Ko harsashi ɗaya ba a harba ba, iyaka kawai aka rufe, amma da idona na ga motoci jere a bakin boda, buhuna suna ɗigar ruwa, wari ya hana mutum tsayawa. Surukata tana Ƙonni, tafiyar da ba ta kai rabin awa ba. Da an harba, kan wa zai faɗa?

Tsohon Soja: Malam, ka bar kwatancen Gambiya. Ƙasa ce 'yar siririya, Senegal ta kewaye ta, kuma shugaban sojojinta ya fito ya ce ba zai sa yaransa su yi faɗa ba. Duk da haka sai da shugabannin Gini da Muritaniya suka zauna da Jammeh kafin ya yarda ya tafi. Nijar ta fi Nijeriya faɗin ƙasa. Mali da Burkina Faso sun ce wanda ya taɓa ta ya taɓa su. Shi kansa Bazoum yana hannun masu gadin fadar. Kafin motarmu ta farko ta wuce Dosso, wa zai ba ka tabbacin ransa?

Ni na yi Saliyo da ECOMOG, rundunar sojojin ECOWAS. Mun mai da Tejan Kabbah kan kujera a 1998, aka yi ta murna. Janairun 1999 'yan tawaye suka shigo Freetown. Yaran da muke cin tuwo kwano ɗaya da su, ni na ɗauki wasunsu zuwa mota. Shiga ba ta da wuya, ɗana. Ranar fita ce babu wanda ya sani.

Malamin Tarihi: Allah Ya jiƙansu, Baba. Ban raina abin da ka gani ba. Amma sulhun me ya haifar? Janar Abdulsalami da Sarkin Musulmi suka je Yamai da farko, ko ganin Tchiani ba su samu ba. An cire takunkumi a Fabrairun 2024 ba tare da an saki Bazoum ba, Nijar, Mali da Burkina Faso, da suka riga suka kafa ƙawancen ƙasashen Sahel na AES, suka fice daga ECOWAS gaba ɗaya. Duk wani hafsan da ke kallo ya koyi darasi.

Hajiya 'Yar Maraɗi: Malam, abin da aka yi mana ba sulhu ba ne. Wuta aka yanke mana, kuma a lokacin mafi yawan wutarmu daga Nijeriya take zuwa. Na kwana ina yi wa jikana fifita yana zazzaɓi, maganin da muka saba saye ya yi tsada, wani ma babu shi. Matan unguwarmu da suka zaɓi Bazoum, a waɗannan makonni suka koma bayan sojoji, don sun ga 'yan'uwa sun shaƙe mana wuya. Ka tuna yadda filin wasa na Seyni Kountché ya cika ranar da wa'adin ya ƙare? Barazanar ce ta cika shi.

Kuma wa aka fara buɗe wa ƙofa? Sanusi Lamido Sanusi da ya je tare da Sarkin Damagaram, sai malamai ƙarƙashin Sheikh Bala Lau. Da su aka tura tun ranar farko, kafin a ambaci yaƙi a rediyo, da soja bai ga janyewa a matsayin abin kunya ba.

Ɗalibin Jami'a: Gaskiyarki, Hajiya. Majalisar Dattawan Nijeriya ma ta ce a bi ta hanyar siyasa, don jihohi 7 ne ke kan wannan iyaka, daga Kebbi har Borno. Mu da ke fama da makaman da suka watsu bayan NATO ta rushe Libiya a 2011. Sannan Malam, a 2020 Alpha Condé na Gini da Ouattara na Cote d'Ivoire suka nemi wa'adi na uku, ECOWAS ba ta zare wa kowa ido ba. Tun nan maganarta ta rage nauyi.

Malamin Tarihi: Wannan na karɓa. Na kuma yarda yanke wuta zalunci ne ga talaka. Inda nake tsaye har yanzu: mutum ne jama'a suka zaɓa, an kulle shi da matarsa ba shari'a. Hajiya, wannan bai dame ku ba?

Hajiya 'Yar Maraɗi: Ya dame ni, wallahi. Ni ma na zaɓe shi, kuma ina roƙon Allah Ya sa a sake su. Amma ɗan ƙanena soja ne a Yamai, ɗan yayata kuma soja ne a Sakkwato. Da an yi abin da kake so, Malam, ban san gidan da zan fara zuwa gaisuwa ba.